Ciwon Ƙwaƙwalwa: Tsakanin Malam da Likita

A shekarar 1284 Sarkin Masar, Mansur Ƙalawun, ya aza harsashin wani katafaren asibiti a tsakiyar Alƙahira, aka ware wa masu taɓin hankali sashensu, ana ciyar da su, ana yi musu magani kyauta daga dukiyar waƙafi. Tun kafin nan Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafi kan lafiyar jiki da ta rai. Ya kasa baƙin ciki gida biyu: akwai wanda aka san mafarinsa, kamar mutuwar ɗa ko asarar dukiya, akwai kuma wanda kan sauko wa mutum haka siddan, ya raba shi da walwala. Na biyun nan, a ganinsa, daga jiki yake, magani yake buƙata. Waswasi ma sai da ya ba shi babi guda.

Abin takaici, wannan gado ya suɓuce wa Musulmi da yawa. Yau a Alƙahira ko Riyad ko Karachi, budurwar da barci ya ƙaurace mata, ta daina cin abinci, ba ta da aiki sai kuka, abin da takan fara ji shi ne imaninta ya yi rauni, ko aljanu ne, ko kambun baka. Iyaye kuwa su rufa-rufa, don kada magana ta fita a rasa mai auren ƙannenta. Ita ma idan ta je gaban likita, ciwon kai ko na ƙirji za ta ambata, domin shi ba abin kunya ba ne.

Addu'a da ruƙiyya ba su ne matsalar ba. Matsalar ita ce a tsaya nan har ciwo ya ci jiki. Wani likita ɗan Sudan, Tijjani al-Mahi, ya gane haka tun wajen 1950. Bai yaƙi shehunan da jama'a ke kai wa marasa lafiya ba, sai ya jawo su jiki, suna turo masa waɗanda ciwonsu na asibiti ne.

Inda aka rasa irin wannan haɗin kai, an ga abin da ya biyo baya: a Satumbar 2019 'yan sanda sun ce sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa, Kaduna, wasunsu da sarƙa a ƙafa.

Limamai ne jama'a suka fi saurara. Ya kamata su faɗa a kan mumbari cewa ciwon damuwa ciwo ne, kuma zuwa asibiti bai saɓa wa tawakkali ba.