Gurbin Raino Kafin Takardar Aiki: Lissafin Masu Jego a Ingila

A gida, mai jego ba ta cika kwana da tunanin wanda zai riƙe mata jariri ranar da za ta koma aiki ba. Ga kaka, ga ƙanwa, ga maƙwabciyar da za a miƙa wa ta katanga. 'Yan'uwanmu da karatu ko aikin asibiti ya kai Ingila kuwa, wannan gata ya tsaya musu a filin jirgi. Can raino sana'a ce mai rajista, da kuɗi ake yin ta, kuma layi ake bi. Mai ɗaukar aiki zai tambaye ki yaushe za ki fara, ba ki da amsa sai kin sami inda za ki ajiye yaro. Gidan raino zai tambaye ki kwana nawa a mako kuma daga wace rana, ba ki da amsa sai kin sami aikin. Kowanne yana jiran ɗaya, kuɗin haya kuma ba ya jiran kowa.

Dalilin ƙarancin gurbin ba ɓoyayye ba ne. Doka a Ingila ta ce mai raino ɗaya ba za ta riƙe fiye da yara uku 'yan ƙasa da shekara biyu ba. Idan sun cika biyu, tana iya riƙe biyar. Saboda haka ɗakin jarirai shi ne mafi ƙanƙanta, shi ne mafi tsada, shi ke fara cika. Gurabe kuma sun fi buɗewa a watan Satumba, lokacin da manyan yara ke wucewa firamare, na bayansu su matsa gaba, a sami fili a ƙasa. Wanda ya je nema a Fabrairu ko Mayu, sau da yawa sai dai a rubuta sunansa a ce a jira. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne a ga mace da tsohon ciki tana zagaya gidajen raino tana cike takarda, alhali ko sunan jaririn ba a raɗa ba.

Sai batun tallafin gwamnati, wanda a nan ne mutane suka fi yin asara. A kasafin kuɗin Maris 2023 ministan kuɗi na lokacin, Jeremy Hunt, ya sanar da faɗaɗa rainon kyauta ga iyaye ma'aikata. Aka fara da awa 15 ga 'yan shekara biyu a Afrilu 2024, aka sauko da shi zuwa 'yan wata tara a Satumba 2024, sannan daga Satumba 2025 ya zama awa 30 a mako tun daga wata tara har yaro ya shiga makaranta. Wata taran ba a banza aka zaɓe shi ba. Hutun haihuwa mako 52 ne, amma mako 39 kawai ake biya, kuma makonni shida na farko ne kaɗai ake ba da kashi 90 cikin ɗari na albashi. Daidai inda kuɗin ya yanke, nan tallafin ya kamata ya ɗauka.

Sai dai kalmar "kyauta" tana da sharuɗɗa a ƙarƙashinta. Awa 30 ɗin na mako 38 ne a shekara, wato awa 1,140. Wanda ke aiki duk shekara, idan aka shimfiɗa masa su, kusan awa 22 zai samu a mako. Abinci da ƙunzugu da ƙarin awanni, yawanci aljihunsa ne. Dole uba da uwa su kasance suna aiki, kowanne yana samun aƙalla abin da awa 16 ke bayarwa a mafi ƙarancin albashi, kuma babu wanda ya haura fam 100,000 a shekara. Ana ba da lamba mai alƙaluma 11 ta intanet, a kai wa gidan raino, a riƙa sabunta ta duk wata uku.

Babban tarkon shi ne kalanda. Tallafin ba ya farawa ranar da yaro ya cika wata tara, sai farkon zangon da ke biye: 1 ga Janairu, 1 ga Afrilu, ko 1 ga Satumba. Jaririn da ya cika wata tara ranar 31 ga Maris zai shiga washegari. Wanda ya cika ranar 1 ga Afrilu sai ya jira Satumba, wata biyar cur iyayensa na biya. Ranar fara aiki ma haka take. A ɗauki mata biyu da aka ɗauka aiki a wuri ɗaya. Ta farko za ta fara 30 ga Satumba, ta karɓi lambarta kafin 31 ga Agusta ya wuce, ɗanta ya shiga tun 1 ga Satumba, har ta sami makonnin sabo da shi. Ta biyu aka rubuta mata 1 ga Oktoba. Ita sai Janairu. Kwana ɗaya ya jawo mata kuɗin raino na wata uku, kuma da ta sani, magana ɗaya za ta yi wa mai ɗaukar aikin a gyara ranar.

Akwai abin da ya shafi mutanenmu kai tsaye. Yawancin masu bizar karatu ko ta aiki an rubuta musu cewa ba su da hakkin cin tallafin gwamnati, kuma mai irin wannan takarda ba zai iya neman awa 30 ɗin ba. Amma yana iya samun awa 15 da ake bai wa kowane ɗan shekara uku da huɗu ba tare da duba biza ba. Duk wanda ya yi lissafin albashi daga Kano ko Kaduna bai sa kuɗin raino ba, lissafinsa bai cika ba. Kuma wannan tsarin Ingila ne kaɗai. Sikotland da Wales kowacce da nata.

To wanne za a fara nema? A ganina, gurbin raino. Shirin zaune ya fi na tsaye. Kuɗin kafin alƙalami da za a ajiye yana iya salwanta idan aikin bai zo da wuri ba, amma wannan asara ƙarama ce idan aka gwada ta da a kira ki aiki ki ce ba ki da inda za ki kai yaro. A sa suna a wuri biyu ko uku. A tambayi kwana nawa suke so a sanar da su kafin a janye ko a ɗaga rana, a kuma ga amsar a rubuce. Idan kwana biyu a mako aka samu, a karɓa, domin yaron da ke ciki ya fi na waje saurin samun ƙari, kuma kwana biyun sun isa zuwa ganawa da masu ɗaukar aiki. Kada a raina matan da ke raino a gidajensu. In dai suna da rajista da hukumar Ofsted ko wata hukumar da doka ta amince da ita, tallafin yana aiki a wurinsu, kuma sun fi sassauci ga mai aikin da lokacinsa ke canzawa.

Wadda aikinta ke jiran ta ta fi sauƙi, amma idan za ta dawo kafin ranar da aka tsayar, sai ta ba da sanarwar mako takwas. Tana da kwana goma da doka ta yarda ta leƙa aiki cikin hutun ba tare da ya yanke ba, kuma babu lokacin da suka fi amfani kamar makonnin da ake saba wa yaro da sabon wuri. Tun Afrilu 2024, sabon ma'aikaci ma yana da damar neman a sassauta masa lokutan aiki daga ranar farko, ko da yake neman ba ya nufin an ba shi. A kuma sa rai da mura da zazzaɓi a watannin farko, gidan raino kuwa yana ganin zazzaɓi zai kira a zo a ɗauki yaro. Maigida da uwargida su raba wannan tun kafin wayar ta shigo.

'Yar'uwa, kafin ki amsa wa mai ɗaukar aiki ranar da za ki fara, ɗauko kalanda ki duba ranar da ɗanki zai cika wata tara, ki duba zangon da ke biye, sannan ki ba shi amsa.