Injin Huda Gurbin Katako: Tsaro Daga Wayarin Yake Farawa

Duk ƙofa ko kujera ko gadon da ya yi ƙarko, sirrinsa yana wurin haɗi, inda ake fafe gurbi a jikin katako ɗaya a fere harshe a ɗayan, a zura su kama juna. Da guduma da cizal aka fi yin wannan aiki, har zuwa 1874 lokacin da 'yan'uwa biyu a Amurka, Robert da Ralph Greenlee, suka ƙera injin da ke huda rami mai kusurwa huɗu. Dabarar ita ce cizal mai rami a ciki, da murɗaɗɗen ƙarfen huda yana juyawa a tsakiyarsa: ƙarfen ya cinye tsakiya ya fitar da ɓarɓashi, cizal ɗin ya daddatse gefuna yayin da kafinta ke danno hannun injin. Ganin ba shi da faifan zarto mai ban tsoro, da yawa na ɗaukarsa mara haɗari. Gaskiyar magana, babban haɗarinsa a shagunanmu yana cikin yadda aka ja masa wuta, kuma maigidan shago ne ke yanke wannan hukunci tun kafin yaro ya taɓa makunni.

Abu na farko shi ne karanta farantin ƙarfen da ke manne a jikin motar lantarkin injin. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce mai bugu 50 a daƙiƙa, ta Nijar ma kusan haka take, amma ƙananan injunan da aka ƙera don kasuwar Amurka na bolt 120 ne masu bugu 60. Wanda ya sayo na gwanjo ya sauya masa filogi kawai ya cusa a soket, kwayil zai ƙone nan take. Manyan injuna kuwa na layi uku ne, kimanin bolt 400, kuma suna da sharuɗɗansu. In aka musanya wayoyi biyu, injin zai juya baibai, ƙarfen ya riƙa gogar katako yana zafi ba ya ci. In layi ɗaya ya ɗauke biyu suka rage, abin da ba baƙo ba ne a unguwanninmu, motar za ta ci gaba da gurnani tana jan wuta fiye da kima har ta ƙone, sai fa in an sa mata na'urar da ke yanke wuta idan nauyi ya yi yawa. Haka kuma a lokacin tashi irin wannan mota tana jan ninki biyar zuwa bakwai na abin da take ci in ta daidaita, don haka siririyar wayar fitila da ƙaramin janareta ba za su ɗauke ta ba. Waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5 ce aka saba sa wa layin soket, kuma doguwar wayar jone-jone da aka naɗe da leda tana rage ƙarfin wuta, tana zafi a cikin garin katakon da ƙyas ɗaya ya ishe shi kamawa.

Na biyu, kuma mafi muhimmanci a ƙasar da ake ɗauke wuta ba sallama, shi ne irin makunnin. Makunni na gama-gari yana zama a kunne ko da wuta ta tafi. Sai yaro ya ga inji ya yi shiru, ya sa hannu yana share ɓarɓashi ko yana kwance ƙarfe, a kawo wuta ko a tayar da janareta, injin ya tashi da yatsunsa a ciki. Akwai makunni mai maganaɗisu, mai koren maɓalli da ja, wanda ke sakin kansa da zarar wuta ta ɗauke, ba ya sake tashi sai mutum ya danna da hannunsa. A Turai, inda ake shafe watanni wuta ba ta ƙifta ba, da shi injunan katako ke fitowa daga masana'anta. Mu da ake ɗauke mana sau da yawa a yini mun fi su buƙatarsa nesa ba kusa ba.

Wani zai ce ai akwai fiyus. Fiyus waya yake karewa daga ƙonewa, ba ya kare mutum. Na cikin filogi mai ƙafa uku amfiya 13 ne, alhali wutar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya guda ba tana iya rikita bugun zuciya. Jikin injin ƙarfe ne, kafinta na riƙe da hannun injin da gumi a tafi, wani lokaci ba takalmi a kan siminti mai danshi. Kariyarsa biyu ce: wayar ƙasa mai launin kore da rawaya, wadda ke haɗa jikin injin da sandar da aka kafa cikin ƙasa, da na'urar RCD mai yanke wuta cikin ƙiftawar ido idan yoyon ya kai miliamfiya 30, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin 400 na abin da aka rubuta a jikin fiyus ɗin. Masu cewa na'urar tana yawan yanke musu aiki har suka tsallake ta sun juya lamarin: yankewar shaida ce cewa wuta na yoyo, daga tsohon kwayil ko waya mai rauni ko danshin damina, kuma cire ta bai toshe yoyon ba.

Sauran hujjar ita ce tsada, da cewa an shekara da shekaru ba abin da ya faru, kuma abin da Allah ya rubuta ba makawa. Imani da ƙaddara bai taɓa hana ɗaukar mataki ba, Hausawa ma sun ce Allah ya ce tashi in taimake ka. Kuɗin makunni da RCD da sandar ƙasa bai kama ƙafar kuɗin sabuwar mota ba, balle jinyar hannun da shi ne jarin kafinta. A ba ƙwararren mai wayarin aikin. A Najeriya hukumar NEMSA, wadda dokarta ta fito a 2015, ita ke ba su shaidar ƙwarewa.

In wuta ta daidaita, sauran tarbiyyar aiki ce. A zare filogi kafin sauya ƙarfe, a cire makullin ɗaurewa kafin kunnawa. A bar tazarar kimanin milimita ɗaya da rabi tsakanin bakin ƙarfen huda da cizal, domin in sun matse za su yi zafi, cizal ya yi shuɗi ya tsage. A juya tagar fitar ɓarɓashi gefe, a danne katako da maɗaurinsa don kada ya biyo cizal sama. A naɗe hannun riga, a cire zobe da safar hannu, a sa tabarau. Duk waɗannan yaro zai iya koya cikin mako guda, amma ba shi da ikon sauya makunni ko kafa sandar ƙasa. Wannan nauyi yana wuyan maigidan da iyaye suka damƙa wa amanar 'ya'yansu.