Haske, guba da zinariya cikin wasan Romiyo da Juliyet

Da wuya a sami wanda ya zauna bencin lise bai ji labarin Romiyo da Juliyet ba: saurayi da budurwa, ƴaƴan gidaje biyu masu gaba da juna a birnin Verona na ƙasar Italiya, suka so juna, aka ɗaura musu aure a ɓoye, suka mutu cikin kushewa ɗaya. Wiliyam Shekspiya, mutumin Ingila (1564-1616), ya rubuta wasan wajajen 1595, aka buga shi karo na farko a 1597. Labarin kuwa ba ƙirƙirarsa ba ne. Ya same shi cikin wata doguwar waƙa da Arthur Brooke ya wallafa a 1562, shi kuma Brooke ya ɗauko daga fassarar Faransanci ta Pierre Boaistuau, wanda ya juyo daga littafin Bandello na Italiya. Abin da Shekspiya ya ƙara da hannunsa, wanda kuma ya raya wasan sama da shekara 400, shi ne alamomin da ya shuka cikin maganganun mutanensa.

Da farko ya matse lokaci. A wajen Brooke al'amarin ya ɗauki watanni. Shekspiya ya tattare shi tsakanin safiyar Lahadi da ƙarshen mako bai ƙare ba, cikin zafin watan Yuli, ya kuma rage shekarun yarinyar har ba ta cika 14 ba. Shi ya sa walƙiya ke yawo cikin wasan. Juliyet da bakinta, daren da suka yi alkawari, ta ji tsoron kada lamarinsu ya zama irin nata, mai ɓacewa kafin a ce ga ta. Fada Lorans, malamin cocin da ya ɗaura auren, shi kuma da wuta da albarushi ya kwatanta su, waɗanda haɗuwarsu ita ce ƙarewarsu.

Maganar haske ita ce masana suka fi nanatawa, tun littafin Caroline Spurgeon na 1935. Romiyo bai ga Juliyet ba sai ya kira ta da wani abu mai haske: ta fi fitilun biki, ita ce rana mai fitowa, ita ce dutse mai daraja a kunnen mutumin Habasha. To amma a lura da yadda marubucin ya kife abin da muka saba. Mu dai mun ɗauki dare mahutar bawa, rana kuma lokacin neman halal. A Verona da rana tsaka ake zare takubba, da rana aka kashe Markushiyo da Tibalt, da rana sarkin gari ya yanke wa Romiyo hukuncin kora daga garin. Dare ne kaɗai ya zame wa masoyan mafaka. Saboda haka ne da asubar rabuwarsu suke gardama kan kukan wani tsuntsu, ko na dare ne ko na safiya, don in na safiya ne to Romiyo ya gudu ko a kashe shi. Akwai kuma dabarar sana'a a ciki: da rana ake yin wasa a dandalin Landan na wancan zamani, a fili, ba wutar lantarki, sai da baki ɗan wasa zai sa ƴan kallo su yarda dare ya yi. Ita kuwa barandar benen nan da masu yawon buɗe ido ke cincirindo a ƙarƙashinta a Verona, cikin ƙarni na 20 aka liƙa ta jikin gidan. Shekspiya bai ambaci baranda ba ko sau ɗaya.

A ganina dai alamar da ta fi nauyi ita ce guba. Karon farko da muka ga Fada Lorans, yana tsinkar ganyaye ne da sassafe, yana cewa fure ɗaya na ɗauke da magani da dafi gaba ɗaya, ya danganta da yadda aka yi da shi. Wannan magana ita ce ta cim masa. Da kyakkyawar niyya ya ɗaura auren, yana fatan sulhunta gidajen biyu. Da kyakkyawar niyya ya ba Juliyet ruwan da zai sa ta kwanta kamar gawa har awa 42, don ta kuɓuta daga auren Paris da ubanta ya tilasta mata, har da barazanar korar ta bara kan titi. Maganin ya yi aikinsa daidai. Takardar da za ta sanar da Romiyo gaskiyar lamarin ce ba ta isa ba, domin an kulle ɗan aiken cikin wani gida bisa zargin annoba. Ƴan kallon Landan sun san wannan ƙwarai, tun da annoba ta rufe musu gidajen wasa tsakanin 1592 da 1594. Ma'aikacin da ya taɓa ganin abin da takarda ɗaya kwance cikin aljihun tebur ke jawowa ba ya bukatar a yi masa bayani.

Ƴan kasuwa kuwa, nasu rabon yana Mantuwa. Da Romiyo ya ji labarin mutuwar ƙarya, sai ya nufi rumfar wani mai sayar da magunguna, matalauci wanda yunwa ta rame. Dokar garin kisa ce ga mai sayar da guba, mutumin ya sani, ya kuma faɗa. Romiyo ya ajiye masa tsabar zinariya 40. Mutumin ya karɓa yana cewa talauci ne ya yarda, zuciyarsa ba ta yarda ba. Romiyo ya mayar masa cewa shi ne ya sayar da guba ta gaske, domin zinariya ta fi abin da ke cikin kwalbar kashe mutane. Ciniki ne na ɗan lokaci kaɗan a dandali, amma babu inda wasan ya fi kusa da kasuwa: mai kuɗi cikin gaggawa, mai kaya cikin matsi, doka kuma a gefe tana kallo.

Zinariyar ta sake dawowa a ƙarshe. Mutum shida sun mutu, har da uwar Romiyo wadda baƙin ciki ya kashe. Tsofaffin biyu, Montagu da Kapulet, suka yi musafaha a bakin kushewa. Montagu ya ce zai ƙera wa Juliyet mutum-mutumi na zinariya tsantsa. Kapulet ya ce shi ma zai yi wa Romiyo irinsa, ba zai gaza shi daraja ba. Masu sharhi da dama na ɗaukar wannan alamar sulhu ce, wasu masu shirya wasan ma yanke wurin suke yi don labule ya sauka kan gawar masoyan. Ni kam ina jin sautin gasa a ciki. Tun buɗe wasan har rufe shi ba wanda ya faɗi asalin gabar gidajen nan biyu, ga kuma iyayen gidan, gawar ƴaƴansu ba ta ko huce ba, kowa na auna zinariyarsa da ta ɗan'uwansa.