BABI NA HUƊU: GAURAYA KAYAN FENTI NA KAMFANONI DABAN-DABAN WAJEN FESHIN MOTA

4.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin kayan aikin mai fentin mota da matakan koyon sana'ar. Shi kuwa wannan babi zai dubi wata matsala da ke addabar masu sana'ar a Sanyinna da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe, wato haɗa kayan fenti na kamfanoni daban-daban a jikin mota guda. Za a fara da rabe-raben fenti, sannan a kawo dalilan da ke sa a gauraya kaya, da illolin yin haka, da kuma wuraren da gaurayawar ba ta ɓata aiki. Muhimmancin batun a fili yake, domin motar haya ita ce jarin mai ita. Idan fenti ya ɓare, ƙarfe ya yi tsatsa, to darajar motar ta faɗi, sunan mai feshin kuma ya zube.

4.1 Rabe-raben Fentin Mota

Fentin mota hawa-hawa ne. Bayan mai gyaran bodi ya buge inda ya lotse, sai a shafa fila a cike ramuka, a goge da samfefa, a fesa furaima, sannan a fesa launi. A tsarin zamani akan rufe launin da wani ruwa mai sheƙi da masu sana'ar ke kira kiliya. Ana iya kasa fentin kansa gida uku, bisa la'akari da yadda yake bushewa.

Kashi na farko shi ne selulos. Kamfanin DuPont na Amurka ne ya fito da shi da sunan Duco, kuma kamfanin General Motors ya yi amfani da shi a motar Oakland samfurin 1924. Wannan fenti yana bushewa ne da zarar tinar da aka sirka shi da ita ta bi iska. Ke nan ko bayan shekaru, idan tina mai ƙarfi ta taɓa shi, zai sake narkewa.

Kashi na biyu shi ne fentin mai, wato inamel, wanda yake taurara sannu a hankali ta hanyar haɗuwa da iska. Samansa kan bushe cikin sa'o'i, amma cikinsa yakan ɗauki makonni bai nuna ba.

Kashi na uku shi ne fenti mai haɗi biyu, wanda ba ya taurara sai an zuba masa hadina. Asalinsa yana komawa ga binciken Otto Bayer na ƙasar Jamus a shekarar 1937. Cikin hadinar akwai wani sinadari da ake kira aisosayanet, wanda yake ƙulluwa da ƙaron da ke cikin fentin, su zama abu ɗaya mai tauri da tina ba ta narkar da shi. A kasuwannin Nijeriya akan ji ana kiran launin da ake rufewa da kiliya da sunan Autobase, mai sheƙin kansa kuma Autocryl. Waɗannan a asali sunayen kayan kamfanin Sikkens ne na ƙasar Holan, amma suka zama gama-gari. Wannan kaɗai ya isa ya rikita mai saye, domin gwangwani biyu na iya amsa suna ɗaya a bakin ɗan kasuwa alhali haɗinsu ya sha bamban.

4.2 Dalilan Gauraya Kaya

Dalili na farko tarihi ne. Lokacin da kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a shekarar 1975, nau'o'in motocin da ke kan hanyoyin Arewa ba su da yawa, launukansu ma sanannu ne. Bayan shirin tsuke bakin aljihu na shekarar 1986, sabuwar mota ta fi ƙarfin mafi yawan jama'a, sai aka koma ga motocin hannu da ake shigowa da su daga Turai, da yawa ta tashar jiragen ruwan Kwatano. Waɗannan motoci sun zo da launuka masu ƙyalƙyali da kiliya a kansu, wasu kuma an riga an taɓa fentinsu tun a can. Mai feshi kan sami kansa a gaban motar da bai san abin da ke jikinta ba.

Dalili na biyu shi ne nisan kasuwa. Mai feshi a Sanyinna ko Tambuwal ya dogara ne ga 'yan kasuwar Sakkwato da Jega, su kuma suna saro kaya daga Kano da Legas. A kanti ɗaya ana iya samun kayan kamfanonin gida, irin su Berger Paints wanda aka kafa a Legas a shekarar 1959, da kuma na waje irin su Sikkens da Glasurit da Standox. Sai dai ba kullum ake samun launi da hadina da tina na kamfani guda a rana ɗaya ba. Wanda hadinarsa ta ƙare ana tsakiyar aiki, da wuya ya ajiye aiki ya kama hanyar Sakkwato alhali akwai ragowar wata a gareji.

Dalili na uku kuɗi ne. Mai mota yana son araha, mai feshi yana neman riba, saboda haka sai a sayi launi mai kyau a haɗa shi da tina mai rahusa. Haka kuma akan sayar da kayan awo-awo a cikin gorar ruwa ko kwalbar da ba ta da tambari, yadda ba a iya sanin kamfanin da ya yi su, balle ma'aunin haɗinsu.

4.3 Illolin Gaurayawa

Gaurayawa iri biyu ce. Akwai wadda ake yi a cikin kofi ɗaya kafin feshi, akwai kuma ta ɗora wani hawa a kan wani.

Ta cikin kofi ita ta fi haɗari. Kowane kamfani yana auna ƙarfin hadinarsa daidai da fentinsa. Wani kiliya ana haɗa shi kashi 2 da hadina kashi 1, wata furaima kuma kashi 4 da kashi 1. To amma kashi 1 na hadinar wannan kamfani ba lallai ya yi daidai da kashi 1 na wancan ba. Idan sinadarin ya gaza, fentin zai zauna da taushi, farce ya riƙa shiga, fetur ya bar tabo a kusa da murfin tanki. Idan kuma ya yi yawa, fentin kan yi gautsi, daga baya ya tsattsage. Haka nan tinar selulos tana ɗauke da sinadarai na dangin alkohol waɗanda ke cinye aisosayanet kafin ya ƙullu da fenti. Wanda ya sirka fenti mai haɗi biyu da ita ya raunana hadinarsa da hannunsa. Sirkawa da fetur kuwa takan sa fenti ya guntse ko sheƙinsa ya mutu.

Ta ɗora hawa a kan hawa kuwa, babbar illarta ita ce yamutsewa. Alal misali, idan aka fesa selulos a kan fentin mai, tinar takan ratsa ta kumbura na ƙasa, sai jikin motar ya tattare kamar fatar tsoho. Haka kuma launi da kiliya ana fesa su ne kusa da kusa, bayan 'yan mintoci, don su kama juna. Idan ba tsarinsu ɗaya ba, tinar kiliya na iya motsa ƙyalƙyalin launin ya yi dabbare-dabbare, ko kuma kiliyar ta kasa kamawa, bayan watanni ta fara ɓarewa daga rufi da bonet, inda rana ta fi duka.

Abin lura a nan shi ne, mafi yawan waɗannan illoli ba sa bayyana a ranar da aka miƙa mota. Mai mota zai biya ya tafi yana murna, sai daga baya aibin ya fito. Daga nan ne saɓani kan taso, domin ba a iya tantance ko laifin kaya ne ko na hannu. Kamfanonin fenti ma ba sa ɗaukar alhakin aikin da aka sirka kayansu da na wasu.

4.4 Tasirin Yanayi

Yanayin ƙasar Sakkwato yana ƙara tsananta matsalar. Kamfanoni kan rubuta lokutan bushewar kayansu bisa zafin digiri 20 na ma'aunin Selshiyos, alhali a watannin Maris da Afrilu da Mayu zafin wannan yanki kan haura digiri 40. A irin wannan zafi tina mai saurin tashi takan bushe tun fenti bai sauka a jikin mota ba, sai aikin ya fito da kaushi. Don haka ne kowane kamfani yake da tina da hadina masu sauri da masu jinkiri. Wanda ya gauraya kaya ya rasa wannan ma'auni. Da damina kuma, danshi kan sa selulos ya yi fari-fari, sannan ruwan da ya taru a tankin kwamfuresa yana haɗuwa da aisosayanet ya haifar da iska mai huda fenti ƙananan ramuka. Da hunturu kuwa, fentin da ya yi jinkirin bushewa saboda gurguwar hadina shi ƙura ta fi maƙale wa, musamman da yake galibi a fili ko ƙarƙashin rumfa ake feshi.

4.5 Inda Gaurayawa Ba Ta Ɓata Aiki

Duk da haka, ba kowace gaurayawa ce ke ɓata aiki ba. Fila ko furaima mai haɗi biyu, idan an haɗa ta da hadinarta, ta bushe sarai, aka goge ta da samfefa, to galibi tana karɓar launin wani kamfani. Dalili kuwa shi ne, a nan kaushin da samfefa ta bari ne ke riƙe sabon hawa. Bisa ga wannan, ana iya fitar da ƙa'idoji huɗu:

1. Duk abin da zai shiga kofi ɗaya, wato fenti da hadina da tina, ya kasance na kamfani ɗaya kuma tsari ɗaya.
2. Launi da kiliya su fito daga gida ɗaya.
3. A gwada tsohon fenti da tsumma mai tinar selulos a wani ɓoyayyen wuri. Idan ya narke, dangin selulos ne. Idan ya yamutse, fentin mai ne. Idan bai motsa ba, mai haɗi biyu ne ko gasasshen fentin masana'anta. Na farko da na biyu sai a kankare su, ko a rufe su da furaimar da ke shiga tsakani.
4. Idan dole ta sa a gauraya, a fara gwadawa a kan guntun ƙarfe, a bar shi kwanaki a rana, kuma a sanar da mai mota tun kafin a yi ciniki.

Akwai kuma batun lafiya. Shaƙar tururin aisosayanet yana haddasa ciwon asma, kuma ƙyallen da yaran gareji ke ɗaurewa a hanci ba ya tare shi. Kwalbar da ba ta da tambari tana ɓoye wa mai feshi ko abin da yake fesawa yana ɗauke da wannan sinadari.

4.6 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa fentin mota tsari ne da kowane ɓangarensa ya dogara ga ɗan'uwansa. An kuma ga cewa nisan kasuwa da tsadar kaya da sayar da su awo-awo su ne ke tura masu feshi ga gaurayawa. Gaurayawar cikin kofi ita ce abar gudu, ta tsakanin busassun hawa kuwa tana yiwuwa bisa sharaɗi. Hausawa na cewa araha ba ta ado, kuma 'yan kuɗin da aka rage wajen sayen tina ba su kai na sake kankare mota da fesa ta ba. Babi na gaba zai dubi yadda masu sana'ar ke haɗa launi da ido, da kalmomin da suka ƙirƙira don bambanta launuka.