Dalilin da ya sa wasu shafuka ke hana waya shiga

Matashi a Ƙofar Guga zai buɗe shafi da Opera Mini a hana shi shiga, abokinsa mai Chrome kuwa ya wuce lafiya lau. Sau da yawa ba laifin layi ba ne.

Kowace burauza tana bayyana wa shafi sunanta, irin wayar, girman allo, harshe da lokacin yankin. Idan aka haɗa su sai su zama kamar zanen yatsa. Binciken EFF na 2010 ya gano kashi 83.6 cikin ɗari na burauzojin da aka gwada ba su da irinsu.

Ita Opera Mini, idan tana tsimin data, ta sabar kamfaninta take bi, sai masu tsaron shafi irin Cloudflare su iya zaton ba mutum ba ne. Goge kukis ba ya magance wannan. A kashe tsimin datar ko a sauya burauza.