Kalma Ɗaya, Ƙasa Uku

Yamma da Ingila akwai wani babban tsibiri, ana ce da shi Ayalan. Arewa da Ingila kuma akwai ƙasar Sikotilan. A tekun da ke tsakaninsu akwai wani ɗan tsibiri, sunansa Man. Kowace ƙasa cikin ukun nan tana da harshenta na gargajiya, dabam da Turanci. Harsunan kuwa uwarsu ɗaya, watau tsohon harshen Ayalan. Su ake kira harsunan Gelik.

Akwai wata kalma da suka yi tarayya a kanta. Mutanen Ayalan da na Sikotilan suna rubuta ta "clann". Mutanen Man suna rubuta "cloan". Ma'anarta 'ya'ya. A Sikotilan takan ɗauki dukan zuriyar kaka ɗaya. In an ce "Clann Dòmhnaill", ana nufin zuriyar Donal. Turawan Ingila ma sun ari kalmar.

To, ina asalinta? Baƙuwa ce. Daga Latin ta fito, harshen Rumawan dā. A Latin "planta" shi ne tsiro, ko reshen da ake dasawa. Mutanen Ayalan na wancan zamani ba su da sautin "p" a bakinsu, sai suka mai da shi "k", wanda suke rubutawa da "c". Haka mu ma muke yi. Bature yana fara sunan fensir da "p", mu muka mai da shi "f".

Yaya aka yi tsiro ya zama 'ya'ya? Ku dubi kalmarmu "iri". Da ita muke kiran abin shuka, da ita kuma muke cewa wane irin wane ne. Ɗa tsiron ubansa ne.

Harshe ma kamar shuka yake, in ba a dasa shi a bakin yara ba sai ya bushe. A tsibirin Man iyaye suka koma yi wa 'ya'yansu Turanci. Ned Maddrell, tsoho na ƙarshe da ya tashi da harshen, ya rasu a 1974. Amma an riga an rubuta harshen, an kuma ɗauki muryar tsofaffi. A 2001 aka fara makarantar firamare da ke koyarwa da shi.

Jama'a, abin da aka rubuta ba ya ɓata da sauƙi. Ku dage da karatu, ku koya wa 'ya'yanku.

Tambayoyi
1. Mene ne ma'anar "clann"?
2. Daga wane harshe ta fito?
3. Me ya ceci harshen Man?