Kafin a sayi amfili da lasifika na gida

Ƴan uwa masu saurare, da ku masu aiko da kaya daga waje: in kayan sauti guda ake so don kiɗa da kallon fim, a fara da lasifika biyu na gaba masu kyau, su ke ɗaukar kiɗa. Ta tsakiya, mai fito da maganar ƴan wasa, a ƙaro ta daga baya.

Kada lambar PMPO ta jikin kwali ta ruɗe ku, wat na RMS ne ƙarfin gaskiya. A duba om: lasifika mai 4 kan amfilin da ke son 8 tana sa shi zafi, har ya ƙone. Wutarmu 220 ce. Kayan Amurka masu 120 sai da taransifoma, in ba haka ba kuɗi sun tafi.